Yaro mai galahanga yana buga kansa da ƙasa: ɗauri, malam, ƙwaya, ko horo a gida?

Ɗan ƙanwata yana da shekara bakwai lokacin da ƙullutun goshinsa ya daina sacewa. Ba ya magana, sai 'yan sautuka da uwarsa kaɗai ke ganewa. In abin ya motsa masa sai ya durƙusa ya yi ta gwara goshi da daɓen ɗaki, ko ya cusa bayan hannunsa a baki ya ciza, har fatar wurin ta yi kanta. Suna zaune a wani ƙauye a ƙasar Ringim, kuma cikin sati guda aka ba uwar shawara huɗu. Kakar yaron ta wajen uba ta ce iska ce, a kai shi wurin malam. Uban ya ce a ɗaure masa hannu, in ya ji wuya zai bari. Wani maƙwabci ya kawo sunan ƙwaya a rubuce a bayan kwali. Wata 'yar'uwa da ke aure a Kano ta ce akwai makarantar irinsu a birni. Da daddare ƙanwata ta kira ni, ta ce, "Yaya, kai ka karanci sha'anin irin yaran nan. Don Allah ka faɗa mini wanne zan bi, kaina ya ɗaure."

Ni malamin firamare ne da ya karanci ilimin yara masu buƙata ta musamman. Ba likita ba ne ni, don haka inda maganar magani ta zo zan faɗi abin da aka sani a kansa, rubuta shi kuwa aikin likita ne. Abin da ke ƙasa shi ne yadda na auna hanyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, bayan mun shiga wasunsu da ƙafarmu.

Abin da za a gane kafin a zaɓa

Galahanga, wadda likitoci ke ce wa otizim, daban take da raunin fahimta, ko da yake sukan haɗu a yaro ɗaya. A ƙauyukanmu raunin fahimta yakan biyo bayan doguwar naƙuda, ko shawarar jarirai da ba a kula da ita da wuri ba, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. A dukkansu ana samun yaran da ke ji wa kansu ciwo: buga kai, cizon hannu, marin fuska, tsokale ido, tsige gashi, ƙwaƙular gyambo. An fi ganin hakan ga wanda bakinsa bai buɗe ba.

Ruwa ba ya tsami banza. A 1982 wani masanin ɗabi'a a Amurka, Brian Iwata, da abokan aikinsa suka fito da hanyar gwada dalilin da ke sa mutum ya ji wa kansa ciwo, ta hanyar sauya abin da ake yi masa bayan ya yi. A 1994 suka wallafa sakamakon mutum 152. Kusan kashi 38 cikin ɗari suna yi ne don su kuɓuta daga abin da ba sa so. Kashi 26 don su sami kulawar mutane ko wani abu da suke so. Wasu kashi 26 ɗin saboda abin da suke ji a jikinsu ne, ko da ba kowa a wurin. Sauran dalilansu sun cakuɗe ko ba su fito fili ba.

Mu kawo shi tsakar gida. Yaro ya buga kai, an fasa yi masa wanka ko aski: ya kuɓuta. Ya ciji hannu, uwa ta yar da taɓarya ta rugo ta rungume shi: ya sami uwarsa. Ya mari kansa, an miƙa masa ƙosai ko waya don ya yi shiru: ya sami abin. Ba wayo yake yi ba, kuma ba sharri ba ne. Abin da ya taɓa biya masa buƙata ne jikinsa ya riƙe, tunda ba shi da bakin da zai ce "bar ni" ko "ba ni".

Akwai kuma ciwo. Yaron da ba ya magana, in kunnensa na zogi sai ya doki kunnen. Ciwon haƙori, ruwan kunne, taurin bayan gida, ƙazuwa, ƙwannafi, ciwon sikila, rashin barci, duk suna iya tayar da abin ko su ƙara shi. Wannan ba ya cikin zaɓi, kowace hanya za a bi da shi ake farawa: a kai shi babban asibiti mafi kusa a duba kunne, baki, ciki da fata. Ɗan ƙanwata haƙorinsa na ciki ne ya ruɓe, ba wanda ya taɓa leƙawa. Da aka cire, cizon hannun ya ragu sosai. Bugun kan bai tafi ba.

Ma'aunai biyar

Na farko, shin hanyar ta taɓa dalilin, ko shiru kawai ta sa yaron ya yi? Na biyu kuɗi, kuma in na ce kuɗi har da na mota da yinin gona ko kasuwa da za a rasa. Na uku ɗorewa, wato in an daina, amfanin zai zauna ko zai bi iska. Na huɗu sauƙi, a auna shi da macen da ke surfe, tana ɗebo ruwa, ga goyo ga wasu yara uku. Na biyar haɗari, ga jikin yaron da kuma mutuncinsa. Na ƙarshen nan ni ba na sassauta masa, ko hanya ta ci sauran huɗun.

Ɗauri, kulle da duka

Ba na ganin laifin uwar da ta ɗaure hannun ɗanta da ɗankwali don ta samu ta sauke tukunya. Tsoro ne ya sa ta, kuma na ga jinin da take gudu. Amma a matsayin hanya ta kullum, wannan ta faɗi a kusan kowane ma'auni. Arharta ce kaɗai ke jan mutane.

Dalilin ba ta taɓa shi ba, sau da yawa ma ciyar da shi take. In yaro yana yi ne don ya gudu daga wanka, aka kulle shi a ɗaki, to ya samu abin da yake nema. In kulawa yake nema, tsawa da zagi ma kulawa ce a wurinsa. Duka kuwa, wanda ke gwara kansa da siminti bulala ba za ta ba shi tsoro yadda ake zato ba, sai dai ta koya masa cewa hannu ake sa wa mutum in rai ya ɓaci. An ɗaure hannu ya koma kai, an tare kai ya koma haƙori ko gwiwa. Doguwar ɗauri tana kawo gyambo, tana shanye ƙarfin gaɓoɓi, kuma wasu yaran sukan saba har su riƙa neman a ɗaure su, kwancewar ta zama sabon aiki.

Ƙarshen wannan hanya shi ne gidan mari. A Satumban 2019 'yan sanda suka fitar da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, cikinsu har da yara. Wata guda bayan haka aka buɗe irinsa a Daura. Yaron da ba ya magana ba zai iya faɗin abin da aka yi masa a irin wurin ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba masu lalurar ƙwaƙwalwa haƙƙin kariya daga azabtarwa da wulaƙanci.

Kariya daban take da ɗauri, kuma ita dole ce. A shimfiɗa tsohuwar katifa inda ya saba durƙusawa, a yanke masa farce, a sa masa riga mai dogon hannu mai kauri, a ɗinka hula mai soso a ciki in bugun ya yi tsanani, a sa matashi ko tafin hannu tsakanin kansa da bango. Yawan dukan kai da fuska na iya ɓamɓare shimfiɗar da ke can cikin ido mai ɗaukar gani, ko ya kawo yana, yaro ya makance. In bayan bugun kai aka ga amai, ko barci mai nauyi da ba a saba ba, ko jijjiga, ko jini daga kunne, asibiti za a nufa a lokacin, ko tsakar dare ne.

Malam da mai maganin gargajiya

A nan sai an raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Addu'a, tofi da karatun Alƙur'ani ba sa gasa da kowace hanya, ana yin su tare da duk abin da aka zaɓa, kuma uwar da ta tashi da asuba ta kai kukanta ga Allah tana samun ƙarfin da za ta yini da shi. Abin da nake aunawa shi ne wanda ake yi wa jikin yaron: danne shi mutum uku ana yi masa ihu a kunne, dukansa da sunan aljani ake duka, hayaƙin barkono, tsaga, da jiƙe-jiƙen da ba wanda ya san abin da ke ciki. Yawancin masu galahanga ƙara tana yi musu zafi fiye da yadda take yi mana. Ihun da ake cewa na aljani ne, sau da yawa na yaro ne da ya firgita.

Kuɗin ba shi da tsayayyen farashi. Yakan fara da sadaka, ya kai ga zakara, ya kai ga ɗan akuya ko buhun gero, kuma in an bar wannan mai magani akwai wani a gaba da aka ce ya fi shi. Babbar asarar lokaci ce, don shekarun da yaro ya fi saurin koyo suna wucewa a hanya. Jiƙon da ba a sani ba yana iya taɓa hanta ko ƙoda. Sai kuma maganar "ɗan ruwa ne", wadda har yau ake raɗa ta a wasu gidaje. Duk wanda ya faɗi haka a kan ɗanki, ki ɗauke yaron daga gabansa.

Duk da haka malamin kirki ya yi mana abin da ni na kasa. Na yi wa mijin ƙanwata bayani har na gaji, bai daina kai hannu ba. Limamin garinsu ne ya zaunar da shi bayan la'asar, ya tuna masa hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga yaro har ya balaga da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo, ya ce masa, "Wanda Ubangijinsa bai rubuta masa laifi ba, kai da wace hujja kake hukunta shi?" Daga ranar ya bari. In kuna da irin wannan malami, ku jawo shi cikin lamarin tun farko, maganarsa tana shiga inda ta ma'aikacin lafiya ba ta shiga.

Ƙwaya: ta kemis da ta likita

Ta kemis ba zan ɓata lokaci a kanta ba. Kafin a sanar da ni, an sayo wa yaron ƙwayar barci a wani kemis ranar kasuwa. Ya yi kwana biyu yana layi kamar wanda ya sha wani abu, ya faɗi ya fasa leɓe, da ta sake shi ya koma inda ya tsaya. Ƙwayoyin barci irin su diyazefam jiki yana sabawa da su, wasu yaran ma ƙara birkicewa suke yi. Arha ce, sauƙi ne, kuma haɗari ne tsantsa.

Ta likita magana ce daban. Wadda aka fi bincike a kanta ita ce risfaridon, da aka fi sani a kasuwa da sunan Risperdal. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2006 don tsananin fushi, kai hari da ji wa kai ciwo ga yara masu galahanga 'yan shekara 5 zuwa 16, sannan ta amince da wani magani irinta, Abilify, a 2009. A wani gwaji da aka wallafa a 2002, an raba yara 101 gida biyu tsawon sati 8. Cikin waɗanda suka sha maganin kashi 69 suka samu sauƙi a fili, cikin waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta kashi 12 ne kawai. Wannan tazara ce babba, kuma duk wanda ya ce maganin asibiti ba ya aiki bai faɗi gaskiya ba.

Amma a karanta sauran labarin. A cikin sati 8 ɗin nan masu shan maganin sun ƙara nauyin kilo 2.7 a matsakaici. Da aka bi wasunsu aka janye maganin bayan watanni, kusan biyu cikin uku abin ya dawo musu. Ƙwayar tana rage wutar ne, ba ta koya wa yaro yadda zai nemi ruwa. Tana kawo yawan ci, ƙiba, barci, dalalar miyau, wani lokaci rawar hannu ko sanƙarewar wuya, wasu samarin nono ya ɗan fito musu, kuma tana iya taɓa sukarin jini. Saboda haka ƙa'idar da Ingila ta fitar a 2015 ta ce a ba da irin wannan magani ne in sauran hanyoyi su kaɗai sun gaza ko haɗarin ya yi tsanani, kuma a haɗa shi da horon ɗabi'a. Wani gwaji na 2009 ya nuna yaran da aka ba maganin aka kuma horar da iyayensu sun fi waɗanda aka ba maganin kaɗai samun sauƙi.

Kuɗinta na kowane wata ne, kuma motar ta kan fi ƙwayar ci, musamman tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Wuraren da ake samun likitocin ƙwaƙwalwa a yankinmu sun haɗa da asibitin Dawanau da na Malam Aminu Kano a Kano, da asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure. Wanda ke kusa da Dutse ko Birnin Kudu ya fara da asibitin Rasheed Shekoni ko asibitin tarayya na Birnin Kudu, su duba shi su tura shi inda ya dace. Kafin a fara, a tambayi kai: za mu iya sayen na wata shida ba yankewa, mu kuma koma ganin likita? Sha yau bari gobe ya fi rashin farawa wahalar da yaro. A duba lambar NAFDAC a jikin kwali.

Maganin farfaɗiya ba ya cikin wannan awo. In yaro yana da farfaɗiya, wadda ke yawan haɗuwa da galahanga da raunin fahimta, shan maganinta dole ne, kuma ba a tsayar da shi rana ɗaya. Sai dai fenobabiton, ɗaya daga cikin magungunan farfaɗiya, yakan sa wasu yara ƙiriniya da saurin fushi. In an lura abin ya ƙaru bayan an fara shi, a gaya wa likita, akwai wasu da zai iya sauyawa.

Horon ɗabi'a a gida

Wannan ce hanyar da na fi ba ƙarfi, ita ce kuma ta fi wuya.

Da littafi ake farawa. Sati biyu, duk lokacin da ya yi, a rubuta abu huɗu: wane lokaci ne, me ke faruwa kafin nan, me ya yi, me aka yi masa bayan ya yi. Ƙanwata ba ta rubutun boko, sai ta riƙa naɗar murya a waya, babbar 'yarta 'yar aji shida tana kwafewa da yamma. Ajami ma ya isa. Da muka zauna da littafin sai ga abin ya fito kamar an zana. Yawancin bugun kan a lokaci biyu yake: da hantsi kafin a sauke abinci, da lokacin wanka. Na farko nema ne, na biyu gudu ne. Shekara biyu ana cewa abin ba shi da lokaci.

Daga nan sai a ba shi wata hanyar faɗin abin da kansa ke faɗa. Wasu masanan ɗabi'a biyu, Edward Carr da Mark Durand, ne suka nuna wannan a 1985: in aka koya wa yaro alamar da za ta samo masa abin da mummunar ɗabi'ar ke samo masa, ɗabi'ar takan ragu. Sharaɗi biyu ne. Alamar ta fi bugun kai sauƙi, kuma a farkon koyo ta yi aiki kowane lokaci, nan take. Mun zaɓar masa ƙaramin kwanon roba. Tun kafin ya fara ƙunci, yayarsa za ta kama hannunsa ya ɗauki kwanon ya miƙa wa uwar, uwar ta zuba masa ɗan abu ko loma biyu ce, ta ce "abinci". Sau goma a yini, sau ashirin. A hankali ake janye hannun mai taimako, daga kama hannu zuwa taɓa gwiwar hannu, zuwa nuni kawai. Ranar da ya ɗauko kwanon da kansa ya dungure wa uwarsa a cinya, a sati na uku ne, ta kira ni ta kasa magana.

Na wanka an gyara wankan kansa tukuna. Ruwan ɗumi maimakon na randa, a fara daga ƙafa, a daina sheƙa masa ruwa a ka, lokaci ɗaya kullum, a nuna masa soso kafin a taɓa shi. Sannan aka koya masa ɗaga tafin hannu, ma'anarsa "dakata". In ya ɗaga, a dakata na ɗan lokaci, sannan a ci gaba. In ya kai kansa ƙasa, a tare da hannu ba tsawa ba magana, a kama hannunsa a ɗaga, sannan a dakata. Abin nufi hutun ya zo ta hanyar alamar, wankan kuma a ƙarasa shi ko a taƙaice.

Ga wurin da yawancin gidaje ke faɗuwa. In abin da ya saba biya ya daina biya, yaro yakan ƙara ƙarfi kafin ya rage, kamar mai buga ƙofar da aka saba buɗe masa. In a wannan gaɓar aka sallama, an koya masa cewa bugu mai ƙarfi shi ne ke aiki, an gudu ba a tsira ba. Don haka duk gidan sai bakinsu ya zo ɗaya. A wurinmu kakar ce ta fi wahalar shawo kai, don tausayinta ba ya bari ta ga ya durƙusa ba ta miƙa masa alewa ba. Sai da aka ba ta aikinta, ita ce mai ba shi alewar in ya kawo kwano. Kuma in bugun ya kai na fasa kai ko taɓa ido, kada a shiga wannan mataki ba tare da wanda ya san aikin ba.

In kulawa yake nema, a riga shi: a riƙa leƙa shi ana taɓa shi ana yi masa magana a kai a kai tun yana zaune lafiya. Mafi wuya shi ne wanda ke yi don abin da yake ji a jikinsa, domin ba wani abu a hannunku da za ku hana. A nan cika masa yini ake yi da abin da zai yi gogayya da shi: lilo a reshen darbejiya, gero a ƙwarya ya yi ta cusa yatsu in ba ya kai wa baki ko hanci, abu mai tauri da ba ya gutsurewa don tauna, rakiyar yayansa kiwo. Zaman kaɗaici a ɗaki shi ne takin wannan nau'in.

Iyaye za su iya? A 2015 aka wallafa gwajin yara 180 'yan shekara 3 zuwa 7 a Amurka. Waɗanda aka horar da iyayensu tsawon sati 24, rigimarsu ta ragu da kusan kashi 48, waɗanda aka yi wa iyayensu bayanin lalurar kawai ta ragu da kusan 32. Gwajin ya shafi rigima gaba ɗaya ne, ba tsananin ji wa kai ciwo kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da tsarin horar da masu kula da irin waɗannan yara, zama tara a rukuni da ziyarar gida uku, an tsara shi don wanda ba ƙwararre ba ya iya koyarwa, an kuma gwada shi a Habasha da Kenya.

Kuɗin wannan hanya kaɗan ne, littafi da biro da kwano. Lokaci da haƙuri take ci, kuma nauyin kan faɗa wa uwa ita kaɗai in ba a raba ba. Ɗorewarta ta fi ta kowace, don abin da yaro ya koya nasa ne. Amma takan ja da baya in rayuwa ta sauya. Da ƙanwata ta sake haihuwa, bugun ya dawo kusan wata guda, sai da aka koma kan littafi. Yanzu yana shekara tara, yana da alama shida, goshin ya sace, kuma in zazzaɓi ya kama shi ko gida ya cika da 'yan biki yakan yi har yanzu.

Cibiya ko makaranta a birni

Ita ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma masu ita 'yan kaɗan ne, kusan duk a cikin Kano. Makarantar gwamnati ta Tudun Maliki an fi saninta da kurame da makafi. Abin da yaro ya koya a hannun malama a aji ba ya biyo shi gida da kansa, sai an koyar da 'yan gidan. Ta kwana kuwa ina jin tsoronta ga wanda ba zai iya ba da labari ba. In za a kai shi, a yi musu tambaya biyu: in ya buga kansa me kuke yi, kuma zan iya zuwa ba sanarwa? Amfaninta mafi girma ga mutumin ƙauye shi ne a je sau biyu ko uku a duba yaron, a karɓo tsari a rubuce, a dawo a yi a gida. Jami'ar Bayero tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, wuri ne da za a iya neman wanda ya san aikin.

| Hanya | Ta taɓa dalili? | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ɗauri, kulle, duka | A'a | Babu | Babu | Mai sauƙi a farko | Babba |
| Hayaƙi, jiƙo, danniya | A'a | Yana ta ƙaruwa | Babu | Matsakaici | Babba |
| Ƙwayar kemis | A'a | Kaɗan | Babu | Mai sauƙi | Babba |
| Maganin likita | Yana rage zafi | Kowane wata, da mota | Muddin ana sha | Matsakaici | Matsakaici, sai da bibiya |
| Horo a gida | E | Kaɗan | Mai kyau | Mai wuya | Kaɗan, yakan ƙaru a farko |
| Cibiya a birni | E, in ta ƙwarai ce | Mai yawa | Sai an koyar da gida | Nisa | Ya danganta da wurin |

Wacce ta dace da wa

In abin sabo ne, ya fara ko ya ƙaru cikin 'yan kwanaki, ciwo za a fara nema. Kunne, haƙori, ciki. Kada a sayi komai kafin nan.

In yaro ƙarami ne, raunin bai wuce ja ko ƙullutu ba, kuma littafi ya nuna lokutansa, horo a gida ya isa a fara da shi, tare da katifa da yanke farce. A ba shi wata biyu zuwa uku ana ƙirgawa kafin a yanke masa hukunci.

In jini na fita, ko ido yake nufa, ko ba ya barci gidan ma ba ya barci, a haɗa biyu: likita ya ba da magani don wutar ta lafa, a yi amfani da lafawar a koya masa alama, da niyyar likita ya rage maganin daga baya.

In shi kaɗai yake yi, ba ruwansa da ko akwai mutum a wurin, to wannan ne ya fi cancantar kuɗin motar zuwa wurin ƙwararre, ko da sau biyu ne a shekara.

In saurayi ne ya fi ƙarfin uwarsa, matsalar hannu ce kafin komai. A zauna da baffanni da kawunnai a raba yini, wane da safe, wane bayan azahar, don gajiyar mutum ɗaya ce ke kai gida ga igiya. Ranar zuwa asibiti a tafi da littafin, da ɗan bidiyon abin a waya in an samu ɗauka ba tare da an bar shi ya ji ciwo ba, da kwalayen duk abin da ya taɓa sha, har na kemis da na gargajiya, a zube wa likita a kan tebur.